Ƙwayar da Mani Ya Binne

A Tafoki kalma ɗaya kan ɗauki kaya da yawa. Tsabar dawa ƙwaya ce, baƙin tsakiyar ido ƙwaya ne, wanda ya haifi ɗa guda tak a ce ƙwaya ɗaya gare shi. Mani, manomi mai ƙwadago a gonakin mutane, ya girma bai san wata ƙwaya bayan waɗannan ba, sai a shekarun da kuɗin man fetur suka malalo ƙasa.

A lokacin samari suka watse, wasu Kaduna, wasu Legas, wajen dakon siminti da aikin titi. Mani bai tafi ba, don mahaifiyarsa ta makance kuma ba ta da kowa sai shi. Gonaki suka rasa hannu, kowa Mani yake nema. Wata ranar kasuwar Sheme, Ɗanliti mai teburin magunguna ya yafuto shi.

"Mani na garma! Kai kaɗai ka rage namiji a Tafoki, sauran duk sun bi tirela. Ungo."

"Mi ce ce wannan?"

"Bature na da sunanta mai murɗe harshe, ni dai ƙwaya na sani. Ɗaya da safe, ka nome gonar mutum biyu kafin azahar."

Fara ce, ƙarama, ba ta kai wake ba. Kuma Ɗanliti bai yi ƙarya ba. Damina uku Mani yana tafiya bisa kunya kamar iska ce ke tura shi. Amma tuwo ya daina shiga, barci ya ƙaura, kumatu suka faɗa, ƙwaya ɗaya ta koma biyu. Ranar da bai sha ba, ko fartanya nauyi take yi masa.

Matarsa Barakatu ce ta fara magana. "Maigida, ka ƙoshar da rumbun kowa, namu kuwa ɓeraye ma sun yi ƙaura. Dubi idonka, ƙwayar ta buɗe kamar ta mage."

Da bazara ta yi nisa, Mani ya yi rantsuwa bana gonarsa zai noma, da ƙarfin da Allah ya ba shi. Ya ɗauki sungumi ya fita binne, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Barakatu na biye tana zuba iri. Sauran ƙwayoyin da ke aljihunsa ya riƙa jefawa cikin ramuka, nan ɗaya, can ɗaya, yana takewa da diddige.

"In ta tsiro, wa za mu sayar mawa?" in ji Barakatu, tana dariya.

Ruwa ya sauka. Dawa ta fito layi-layi, kore shar, ciyawa ta biyo ta. Ranar noman fari Mani ya sunkuya, bai kai ƙarshen kunya ɗaya ba ƙarfinsa ya ƙare. Ya zauna. Ya tashi ya sake gwadawa, abin ya gagara. Sai ya tuna a wajen gindin kanya ya jefa ƙwayar farko.

Da Barakatu ta kawo fura, ta same shi a durƙushe yana tono da yatsu. Bayansa tsiron dawa ne kwance, saiwa a sama, tun daga kanya har bakin iyaka, suna yaushi a rana. Bai sami ƙwaya ko ɗaya ba, ruwa ya narkar da su tun daren farko.

Ba ta yi faɗa ba. Ta koma gida ta kwance ragowar irin da ta ɓoye a tukunya, ta ƙulle a tsumma.

"Ga shi, Maigida. Ƙasa na da laima, in ka sake shukawa gobe za ta kama. Babu wani bayan wannan."

Kashegari ta kama ranar kasuwa. Mani ya fita da sungumi a kafaɗa, ƙullin iri a hannu. Inda hanyar gona ta rabu da ta Sheme ya tsaya, ya daɗe yana kallon gonarsa. Sannan ya jingine sungumin a jikin bishiya.

Ɗanliti ya kwance ƙullin, ya zuba dawar a tafinsa, ya jinjina.

"Iri mai kyau. To, na garma, ƙwaya da ƙwaya ke nan, ba wanda ya ci wani."

Mani bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu.