Baƙin da ba su nemi mai masauki ba

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sterling, garin da muke zaune kusa da Washington, ni da ƙanena, cikin tasin da muke karɓa-karɓa. Tun ranar da ya ce min wani kamfani zai ɗauke shi tuƙin babbar mota a Iraƙi barci ya ƙaurace min, ga shi washegari zai ba su amsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, ko a jikinsa. Sai na ji wani ɗan jarida da ya zauna can ya rubuta littafi yana caccakar farar hular da aka tura riƙon ƙasar bayan yaƙi, kuma zai yi jawabi da hantsi a wani kantin littattafai a Washington. Na ce to, in bai ji tawa ba, ya ji ta ganau.

Sammakon bai tsinana komai ba. Cunkoso ya riƙe mu a bakin gada, ina ta canza layi, shi kuwa gogan yana gyangyaɗi. Kuɗin ajiye mota ya fi na karin kumallonmu, wanda burodi ne mai sanyi da ganye, kamar akuya aka yi wa tanadi.

Kantin ya cika maƙil, yawanci tsofaffi masu tabarau. Na kasa zama, na tsaya a bango. Marubucin ya ce samarin da ko unguwa ba su taɓa riƙewa ba aka damƙa wa ma'aikatu, suna cikin katanga, abincinsu ma daga ƙasarsu yake zuwa.

Nan na tuna Baba. Fataucin shanu ya yi daga Maraɗi zuwa kudu, kuma bai taɓa sauka wani gari ba sai a hannun mai masauki, wanda zai ce masa wane amintacce ne, hanya kaza ba a bin ta. Na ɗaga hannu, da guntun Turancina na ce, "Malam, su, wa ya zama mai masaukinsu?" Sai da na yi masa bayani. Ya ce yawanci junansu suke tambaya. Na miƙa masa goro don ladan amsa, ya gatsa, ya yamutsa fuska, aka yi dariya. Ƙanena bai yi ba.

A hanyar dawowa na ce, "Kai fa, wa zai ce maka kar ka bi nan?"

Abin da na tsinta a tafiyar nan shi ne, baƙon da ya raina ɗan gari makaho ne, kuma direbansa ke fara faɗawa rami.

Da muka isa gida na kashe mota. Ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, kawo makullin. Kamfanin nan su nemi wani, satin nan ni zan riƙa fita da tasin da asuba."