Baƙon da Ya Duba Haƙoransa a Ƙarfen Gwaji

Daga gefen tanderun gwaji injiniyar take kallon baƙon da shugaban sashe ya shigo da shi. Ƙato ne mai tumbi, zobba sun cika yatsunsa, gumi yana bin wuyansa. Duk abin da ya gani sai ya taɓa, kamar kayan gadonsa.

A kan tire akwai ƙananan ƙarafan nikel da ta yi makonni tana gogewa har suka zama kamar madubi, don a ga ko za su jure wuta ba tare da tsatsa ta ci su ba. Gishirin gumi kaɗai ya isa ya lalata gwajin.

Sai ga shi ya ɗauki ɗaya, ba ko safar hannu, ya wangale baki yana duba haƙoransa a ciki.

"Ranka ya daɗe, ba a taɓawa!" in ji ta.

"Haba ƙanwata, ƙarfe ne fa, ba ƙwai ba."

Shugaban sashe yana taya shi dariya, ita kuwa ranta yana tafasa. Da ganin baƙon nan, tun yana yaro ba wanda ya taɓa buge masa hannu. Yana ajiye wannan, sai ya ɗauki na biyu.