Jirgin Yaya Isa

Ranar da safe ina bakin tafkin Chadi, ina yi wa kwale-kwalen yayana Isa fenti. Sana'ata ke nan. Matata Hajara tana bayan gida tana bandar kifi. Tun asuba babu masuncin da ya shigo daga ƙauyukan gabas. Mun lura, muka ci gaba da aikinmu.

Da hantsi muka ji ƙugin babura, masu yawa. Sai harbi, ɗaya-ɗaya, sannan ba ƙaƙƙautawa. Hayaƙi ya turnuƙe kasuwa.

Yaya Isa ya daka tsawa: "Ku shiga ruwa!"

Na janyo Hajara, muka tura jirgin, fenti ko bushewa bai yi ba. Mutane suka yi ta afkawa har bakinsa ya kusa shafar ruwa. Muka kutsa cikin doguwar ciyawar kachalla, muka lafe. Muna jin maharan a gaɓa suna kiran mutane da sunayensu. Sun kira nawa.

Bayan azahar muka ji ƙarar inji. Sun sami jirgi. Dole muka fito tsakiyar tafki, inda babu maɓoya. A gabanmu hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Yaya Isa ya nufe shi kai tsaye. Da iska ta taso, masu binmu suka juya.

Wajen la'asar tafkin ya haukace. Ba ka jin komai sai aradu da salati. Hajara ta durƙusa a gefe tana kwarfe ruwa da ƙwarya. Wata igiyar ruwa ta taso ta fi mu tsawo. Da ta wuce, babu kowa a gefen. Yaya Isa ya miƙo mini sandar tuƙi, ya faɗa ruwa a bayanta.

Yanzu ina Riyad. Kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyina, yana da gidan cin kifi a unguwar Utaika. Kwanan baya ya ce in zana masa teku a bango, da hadari da jirgi. Ban taɓa shiga teku ba. Na zana abin da na sani. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce, "Ya yi kyau, wallahi. Amma wannan jirgin nutsewa zai yi."

Na ce masa bai nutse ba.

A ranar nan, da magariba iska ta jefa mu wani tsibiri. Kowa ya sauka da ƙafarsa, ban da Hajara da Yaya Isa. Tana ɗauke da cikinmu na fari.