Gwaggo Hajo da Ƙofa ta Biyar

Kafin ladanin unguwarmu ya gama gyaran murya, Gwaggo Hajo ta riga ta hura wuta. Ruwan farko na wankan Kaka Gambi ne. Ta ɗaga tsohuwar, ta janye shimfiɗar da ta ɓata ba tare da ta yamutsa fuska ba, ta gasa mata ƙafafu, ta shafe su da man kaɗe. Sannan a zo kan kunu, cokali-cokali, ana sha ana faɗa.

"Ke kuma wace ce?" in ji Kaka Gambi.

"Hajo ce, Gwaggo. Ta jiya."

"Ƙarya kike. Hajo yarinya ce. Ke ga ki nan haƙora duk sun gudu."

"To, na ji. Buɗe baki, amarya."

Sai hantsi ya yi take samun zama, ta tsinki zogalen da za ta kwaɗa ta kai bakin titi. Da wannan kwaɗon ake sayen sabulu da man kaɗe. Shekara talatin ke nan tana wannan aiki, babu wanda ya taɓa kiransa aiki.

Hajo Sumana ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu ba ta haihu ba, ta dawo gida, sai dangi suka tattara tsofaffin gidan uku suka miƙa mata, wai ai ita ba ta da abin yi. Haka muke faɗa, har da ni. Shekara shida da suka wuce, da masu bindiga suka ba mutanen Tinni-Kwara kwana uku su tashi, kowa ya kwashi 'ya'yansa da awakinsa da katifarsa. Ita tsofaffi ta ɗora a amalanken jaki, ta bi su a ƙafa yini biyu. Waɗanda suka biyo hanyar sun ce da jakin ya tirje a kwari, goya su ta yi ɗaya bayan ɗaya ta haye da su. Haka ta kawo su Yamai, wani gidan haya a ƙarshen gari.

Kowanne cikinsu da abin da ya riƙe mana a ka. Baba Tondi ya san iyakar kowace gona, daga wane gawo zuwa wane suri. Inna Biba tana jero kakanninmu har tara ba ta numfasa ba. Tun makon da suka sauka Gwaggo Hajo ta aiko mini: "A ce wa malam mai biro ya zo da littafinsa, mutanen nan ba za su jira shi ba." Ni malamin makaranta ne, a gari ɗaya muke, mota ɗaya ce tsakaninmu. Na ce sai an yi hutu. Baba Tondi ya tafi da gonakinsa a shekara ta biyu. Inna Biba ta bi shi da kakanninta. Hutu kuwa an yi shi sau shida.

Abin da Kaka Gambi ta riƙe ya fi nasu nauyi. A garinmu da damina mata na gona, jariri ya yi kuka, wadda ke kusa da shi ita ke ba shi nono. Ba a rubutawa. Kan Kaka Gambi ne ma'ajiyar. Kafin a kai goron kowane aure sai an durƙusa gabanta. In ta ce "akwai nono a tsakani," an gama, ko da an riga an ɗinka kaya.

To, ga Kimba. Yana da kwana arba'in sanƙarau ya ɗauke mahaifiyarsa. Kaka Gambi ce ta riƙa goya shi ƙofa-ƙofa wajen masu shayarwa har ya isa yaye, daga nan Gwaggo Hajo ta karɓe shi. Ita yake kira Inna. Bana yana da shekara ashirin da shida, yana gyaran famfo, ya kuma daidaita da Furera 'yar Kawu Hasumi. Ana shirin kai goro, sai wata tsohuwa ta ce a wajen suna kamar ta taɓa ganin Kimba a cinyar Dommo yana jariri. Dommo ita ce mahaifiyar Furera, ta rasu shekarar da muka taso. Kawu Hasumi kuwa a waccan daminar yana cirani a Gana, bai ga komai ba. In maganar gaskiya ce, Kimba wan Furera ne.

Liman ya ce "kamar" ba ta haramta aure. Kawu Hasumi ya ce, "Allah gafarta malam, ba 'yarka ba ce. Ni sai na ji daga bakin Gambi."

Bakin Gambi kuwa ya daina sanin safe da yamma. Wata biyu Gwaggo Hajo tana lallaɓa ta, a wajen kitso, a wajen gashin ƙafa, ba ta samu komai ba sai zagi. Daga ƙarshe ta yi dabara. Ta ce kowa ya fita waje, taro yana rikita tsohuwa. Kimba ya riƙe gefen zaninta a zaure ya ce, "Inna, ke kaɗai za ki ji. Abin da kika fito da shi, shi ke nan."

Ta naɗe matashin kai da zani, ta goya wa Kaka Gambi, ta kama ta a kafaɗa suka fito tsakar gida. Ta ce, "Gwaggo, marayan nan yunwa yake ji, ina za mu kai shi?" Tsohuwar ta miƙe kamar an zare mata shekara ashirin. Ta ce, "Ƙofa biyar ce, kullum ina faɗa miki." Ta taka, ta ce gidan Hamsa. Ta taka, ta ce gidan Kadi. Ta kira ta uku, ta kira ta huɗu, babu Dommo a ciki. Ta juya za ta nufi ta biyar, sai ta ci karo da bangon bulo. Ta shafa shi, ta ce, "Wa ya yi gini a nan? Ina magaryar? Ina kuka kawo ni?" Ta zauna a ƙasa da matashin a bayanta tana kuka.

Ni na fara tarar Gwaggo Hajo a zaure, ta faɗa mini duka. Ba zan ɓoye abin da na ce ba, ko da kunya za ta kashe ni. Na ce, "Gwaggo, huɗu ta kira, babu Dommo. Ki ce huɗu ne mana. Wa zai sani?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Munkaila, gaskiya tana zaune tana jiranka shekara shida ka ƙi zuwa ka rubuta ta. Yanzu kuma ƙarya kake so in sa a bakin tsohuwar da ba za ta iya ƙaryata ni ba? Matsa in wuce."

Ta fita ta faɗa musu yadda aka yi, ba ragi ba ƙari. Kawu Hasumi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Kimba ya ce, "Inna, kalma ɗaya ce fa." Ta ce, "Na sani, ɗana." Bayan mako biyu ya hau mota zuwa Kwatano, har yau ba ya ɗaukar wayarta. Furera tana gida, ta ƙi kowa. Kaka Gambi ba ta sake kiran sunan wata ƙofa ba. Kullum ina tunanin watakila babu nonon da ya haɗa yaran nan, watakila a banza aka raba su, kuma ba za mu taɓa sani ba. Wannan shi ke hana ni sukuni.

Gwaggo Hajo, ke ce kika wanke kashin waɗanda suka wanke namu. Ke ce jakar gida, a lafta miki kaya a manta da ke a rana. Ke ce kika zaɓi ɗan da kika yi rainonsa ya juya miki baya da ki ci amanar wadda hankalinta ya tafi. Mu masu takardu mun watsar da abin da kika goyo a bayanki daga Tinni-Kwara. Na gode miki, kuma na san godiyata ba za ta dawo miki da Kimba ba. Allah ya saka miki, mu dai mun kasa.

Ku kuma masu karanta wannan, in akwai tsoho a gidanku, akwai wata Hajo da ke ɗawainiya da shi. Ku je yau, ku karɓe ta wankin, ku zauna ku tambaya. Kada ku ce sai hutu.

Ni ranar Juma'ar da ta wuce na je, da sabon littafi. Na ce wa Gwaggo Hajo ta ba ni abin da ta tsinta a bakin Inna Biba. Ta ajiye zogalen, ta fara jero kakanni tana lanƙwasa yatsu. Ta kai shida ta tsaya. Ta koma farko, ta tsaya a huɗu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kira ni da sunan mahaifina, wanda muka binne shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

"Saini," ta ce, "ka yi wa ɗan nan naka magana mana. Ka ce masa ya zo da littafinsa."

Littafin yana kan cinyata, a buɗe.