Jan Matuƙin da Ya Faɗo Hannun Manoma

Wagdi Abul-Enein ja aka haife shi, jawur, ido kamar na kyanwa, a wani ƙauye kusa da Mansura. Tun yana rarrafe ake ce masa Hawaga, sunan da Misirawa ke kiran Bature da shi, kuma duk yaron da ya kira shi haka a gabansa sai sun kwashi ƙasa tare. Ubansa mai fito ne, mutum mai sanyi. Uwarsa kifin gishiri take sayarwa a kasuwa, bakinta kuwa ya fi kifin gishiri. Wagdi bai gaji haƙurin uban ba. Bakin uwar ya ɗauko.

Abu ɗaya ya sa a ransa tun yana yaro: ya tashi sama. Ya kutsa makarantar sojan sama a tsakiyar 'ya'yan manyan Alƙahira, ya fito matuƙin jirgin yaƙi. Sai ga safiyar nan ta 1967, da jiragen Isra'ila suka ƙone jiragen Masar a ƙasa. Yana gudu zuwa nasa, takalmi ba a ɗaure ba, jirgin ya kama da wuta a kan idonsa. Ko harsashi ɗaya bai harba ba. Bayan nan mutanen gari suka shiga yi wa masu kaki ba'a, har abokansa suka koma tuɓe kaki kafin su shiga bas. Shi da kakinsa yake shiga, ya tsaya a tsakiya. Mai magana ya yi.

Da sababbin jirage suka iso daga Rasha, aka koma gwabzawa a kan mashigin Suwez, a nan aka san shi. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, har ya taɓa dawowa da ganyen dabino maƙale a cikin jirgi. Kuma ba ya harbi daga nesa. Sai ya matso ya ga kan mutum a cikin gilashi tukuna. Makanikai suka zana masa tauraro a hancin jirgi, ɗaya kan kowane jirgin da ya harbo, suka ƙara, suka ƙara, har huɗu.

Na biyar ɗin da la'asar ya kakkaɓo shi. Bai gama murna ba aka kwashe masa wutsiya daga baya. Ya ja hannun kujera, ta cilla shi waje, lema ta buɗe. Ya leƙa ƙasa ya ga gonakin auduga, ga baunar gida da manoman Masar ke kiwo, ga hasumiyar masallaci. Ya ce alhamdulillahi, gida.

Gidan ne ya kusa kashe shi.

Rediyo ya daɗe yana faɗa wa manoma: duk wanda ya faɗo daga sama, ku kama shi. Kafin ya kwance igiyar lema sun kewaye shi da fartanyu da sanduna.

"Salamu alaikum, jama'a," in ji Wagdi. "Naku ne."

"Kun ji ko? Har da sallama!" Wani ƙaton manomi ne mai suna Shahhat. "Ai an ce matuƙan Isra'ila sun fi mu iya Larabci."

"Dubi idonsa!" in ji wani daga baya. "Dubi rubutun hularsa, kamar kaza ta yi tono. Wallahi rubutunsu ne!"

"Na Rasha ne, jaki! Jirgin na Rasha, hular ta Rasha!"

"To karanta Fatiha mu ji."

"Ko ya karanta, an koya musu," in ji Shahhat.

Wagdi ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya san in ya durƙusa ya yi kuka ya kira sunan ubansa, wataƙila su saurara. Bai durƙusa wa kowa ba tun yana yaro, ba kuma yau zai fara ba.

"Fatiha ba don ku ake karanta ta ba," ya ce. "Ku matsa in wuce."

Shahhat ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke masa a kafaɗar hagu. Ƙashi ya ce ƙas.

To, a nan bakin uwar ya buɗe.

"Kai mai wuyan bauna! Uwarka ta yi asarar naƙuda! Ina sama ina tare muku wuta, kuna ƙasa kuna sosa ciki! Allah ya ƙafar da nonon baunarka! Kai kuma mai haƙoran jaki, matso in ga wanda ya haife ka!"

Ya zage su tun daga kakanninsu har jakin da ke ɗaure a gindin dabino. Jini na zuba, ashar na zuba.

Wata tsohuwa, Inna Nabawiya, ta ratsa taron da sandarta. "Ku dakata! Ku dakata, 'ya'yan banza!" Ta karkata kunne ta saurara, kamar mai jin waƙa. "Wannan ashar ba a makaranta ake koyon ta ba. A kasuwar kifi aka shayar da yaron nan. Ɗan wa ne kai, ɗana?"

"Ɗan wadda ta fi ki baki!"

"Namu ne," in ji tsohuwa. "Kun karya ɗanmu."

Sai kuka, sai guɗa, sai rige-rigen ɗaukarsa. A kan ƙyauren ƙofa suka kai shi gidan mai gari. Da motar soja ta iso, hafsan ya ga kafaɗar ya fusata.

"Wa ya yi wannan? Nuna min shi!"

"Lema ce ta buga ni da ƙasa, yallabai."

"Lema mai ƙota?"

"Mutanen da suka tari maƙiyi da fartanya, su za ka kai kurkuku? Lema ce."

Kafaɗar ta haɗe a karkace. Hannun ba ya wuce daidai kunne. Matuƙi kuwa dole ya miƙa hannu sama ya jawo murfin gilashi ya rufe kansa. Likitocin soja suka ce ya gama tashi. Aka yi masa tayin ofis a Alƙahira, da ƙarin girma, da fanka.

"Ku ba wanda ya gaji," in ji Wagdi.

Ana cikin haka Shahhat ya zo gaishe shi a gida, da agwagwa biyu a hammata, kai a sunkuye.

"Ranka ya daɗe, ka yafe min."

"Ajiye agwagin nan. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Suka rataya igiya a azarar ɗaki. A ɗaura a wuyan hannun Wagdi, Shahhat ya ja daga ɗaya gefen. Duk ranar kasuwa haka. Maƙwabta suna jin ihu har bakin kogi.

"In sassauta, ranka ya daɗe?"

"Ranar da ka karya ta ka sassauta? Ja, mai wuyan bauna!"

Shahhat yana ja yana hawaye. Uwar Wagdi tana bakin ƙofa tana zagin su duka biyun.

Ya koma gaban likitoci. Babbansu ya ce, "Ɗaga hannu." Ya ɗaga. Ya wuce kunne, ya wuce kai, ya miƙe sak. Gumi na tsiyaya ta cikin rigarsa, shi kuwa murmushi yake yi.

"Da zafi?"

"Ina? Ko in ɗaga ka kai ma, likita?"

Likita ya daɗe yana kallonsa. Ya san ƙarya ce, amma hannun yana sama. Ya sa hannu a takarda. Wagdi ya sara masa, ya fita da tafiyar soja, ya sha kwana, ya zube a bayan ɗakin magani yana amai.

A yaƙin Oktoba na 1973 ya ƙara taurari biyu. Amma abin da makanikansa suka fi ba da labari shi ne ranar farko. Ya hau jirgi, an ɗaure shi a kujera, injin na kuka. Babban makaniki ya ga yadda yake lallaɓa kafaɗar, ya miƙa hannu zai rufe masa murfin.

"In taimaka, yallabai?"

"Cire hannunka."

Ya cije leɓe, ya miƙa na hagun sama, ya jawo gilashin da kansa.