Ni Na Wanke Shi

Shekara bakwai ke nan ana yi mini tambaya ɗaya, kuma na gaji da ita. Mutum zai shigo shagona da yadi a hammata kamar ɗinki ne ya kawo shi. Ina tsakiyar auna masa kafaɗa sai ya sassauta murya ya ce, "Baba tela, tsakaninka da Allah, kashe shi aka yi ko shi ya kashe kansa?" Wani ko yadin ba ya wahalar sayowa, maɓalli ɗaya zai tsinke daga rigarsa ya zo da shi.

Ni tela ne a Matameye, kuma ni nake wankan gawar maza a unguwarmu. Wannan ta biyun ba sana'a ba ce, kawuna ne ya koya mini tun gemuna bai yi furfura ba. Ranar da na fara riƙe masa buta, kafin ya nuna mini yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, sai da ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce abin da idona ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin zai tsaya. In alheri ne ina iya faɗa, in ba shi ba ne in tafi da shi kabarina. Na wanke attajirai, na wanke waɗanda sai an yi karo-karo kafin a samu likkafaninsu, ban taɓa jin nauyin wannan doka ba sai a kan mutum ɗaya. Abin da zan rubuta nan, a bayan littafin awon mutane nake rubuta shi, in gama in kulle a akwati. Faɗa wa takarda ba faɗa wa mutum ba ne, ko kuma haka nake lallashin kaina.

Mutumin mawaƙi ne, ɗan garinmu. Ya tafi cirani Kano kamar sauran samari, sai Allah ya buɗe masa ta baki. Cikin ƴan shekaru ba motar haya da za ka shiga daga Damagaram zuwa iyaka ba ka ji muryarsa ba, ba bikin da za a tashi ba a taka waƙarsa ba. Duk da haka ni yake kawo wa ɗinki. Yakan ce telolin Kano ba su san kafaɗarsa ba, ni kuma in ce ƙarya yake, arha ce take kawo shi.

Shekara biyun ƙarshe, sau biyu ina rage masa riguna. In ya zo gida sai ya zauna a bencin shagona ya zuba wa keken ɗinki ido, ba wasa ba dariya. Wata rana ya ce, "Baba, kai kana samun barci?"

Na ce, "In dai da tabarma, ko a tasha ne."

Ya ce, "Ka ji daɗinka."

Dariya na yi. Na ce mai mota da gidan siminti ba shi da abin da zai hana shi barci, ya je a yi masa rubutu ya sha. Iyakar abin da na ba shi ke nan, kuma har yau wannan dariyar tana damuna.

Yana da makaɗi, mai kalangu, mutumin wajen Tsauni. Tare suka yi ciraninsu na fari, tare suka kwana a rumfar kasuwa kafin kowa ya san su. Shi ne direbansa, shi ne mai tare masa jama'a, shi ne mai tuna masa ya ci abinci. Ranar da abin ya faru damina ce, an kwana ana ruwa, rabin gari ya fita gona. Da hantsi makaɗin ya shigo shagona ba takalmi, taɓo har ƙauri, ya ce, "Baba, ka zo. Kai kaɗai."

Na tarar an kwantar da mawaƙin a gado, an rufe shi da zane. A tsakar gida makaɗin yana gaya wa mutane cewa ya kwanta ne bai tashi ba. Da ni da makaɗin muka shige don wanka, na tura ƙofa, na ɗaga zanen, na ga abin da na gani. Na ɗago na dubi makaɗin. Ya ajiye butar da ke hannunsa.

Ya ce, "Ni na same shi. Ya kulle ɗakin ta ciki, sai da na ɓalle ƙofa. Ya bar takarda, na ƙone ta. Ba wanda ya sani sai ni, sai kai yanzu." Ya ƙara da cewa, "Hajiya ba za ta iya ɗauka ba."

Hajiya mahaifiyarsa ce, shi kaɗai ne ɗanta namiji. Na san abin da makaɗin yake tsoro, don ni ma shi nake tsoro. Za a samu masu cewa ba za su tsaya sallarsa ba, ko da malamai sun ce a yi. Za a daina saka waƙarsa a biki. Tsohuwar nan za ta ƙarasa rayuwarta tana tunanin inda ɗanta ya tafi. Saboda haka a nan zan rubuta sau ɗaya: ba wanda ya kashe shi. Ciwo ne ya daɗe yana cin sa a zuciya, muna kallo muna ce masa ya gode wa Allah.

Na wanke shi, makaɗin yana zuba mini ruwa. Kawunnansa sun so shiga, na ce mutum biyu sun isa. Da Hajiya ta zo ganin fuska, na buɗe mata daga goshi zuwa leɓe, na riƙe sauran likkafanin da hannuna. Kafin azahar mun kai shi, mutanen Kano suna hanya ba su ƙaraso ba. Ba wani sabon abu a cikin wannan, haka muke yi wa kowa.

Ko sadakar uku ba a yi ba wayoyi suka ɗauka. Wani a Kano ya fara rubuta cewa mawaƙin kashe kansa ya yi, wai a saurari waƙarsa ta ƙarshe. Masoyansa suka yi masa ca, suka ce Musulmi ɗan Musulmi ba ya yin haka, kashe shi aka yi. Daga nan kowa ya zama jandarma. Wasu suka ce abokin gabarsa ne a waƙa ya yi masa sammu. Wasu suka ce ɗan siyasar da ya ƙi yi wa waƙa ne ya turo mutane. A fadar samari da ke gefen shagona, kafin shayi ya kai zagaye na uku sun kashe shi ta hanya biyar, kowace da shaidarta. Me ya sa aka yi saurin binne shi? Me ya sa aka hana dangi shiga wanka? Mutanen da suka binne iyayensu cikin rabin yini su ne suke tambayar saurin.

A hankali zancen ya bar manyan mutane, don su ba a ganin su a kasuwa, ya sauka kan wanda ake gani. Maƙwabciya ta ce ta ga makaɗin yana ƙona takarda a bayan gida. Wani kafinta ya ce ƙofar ɗakin ɓalle ta aka yi. Aka haɗa aka ce shi ne, ko dai guba ya sa masa a fura, ko ya buɗe wa makasa hanya. Duk abin da ya yi don ya rufa wa amininsa asiri, shi aka juyo aka ɗora masa. Wani mai ɗaukar bidiyo ya zo takanas daga Damagaram ya kafa mini waya a fuska, na ce ya matsa yana tare mini haske. Da bidiyon ya fito, an zagaye fuskata da jan layi an rubuta cewa tsohon nan ya san wani abu. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Bayan arba'in Hajiya ta aika a kira ni. Na same ta zaune a kan tabarma, carbi a hannu, ta rame har zobenta yana juyawa.

Ta ce, "Malam, kai ka wanke mini yaron nan. Ka ga alamar an cuce shi?"

Na ce, "Hajiya, na wanke shi, na yi masa sutura. Fuskarsa lafiya lau, ke ma kin gani."

"Ban tambaye ka fuska ba."

"Kin san mai wanka ba ya magana."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Na gane. Allah ya saka maka."

Ba ta gane komai ba, ni kuma na fito ina jin na tsare amana. Kafin mako ya zagayo mata suna faɗa a bakin famfo cewa Hajiya ta tambayi mai wanka, ya kasa musawa. A wurinmu in aka tambayi dattijo ya ce ba ya magana, to an san akwai magana. Da na ce mata ban ga komai ba, da na yi ƙarya ɗaya ta wuce. Shirun da na yi taƙama da shi, shi ya zama babbar shaidar da aka kama makaɗin da ita.

Jandarmomi sun kira shi sau ɗaya, suka sallame shi da yamma. Gari bai sallame shi ba. Ba mai gayyatarsa biki, kalangunsa ya bushe a rataye. Matarsa tana tuyar waina ranar kasuwa, aka daina saye, wai gidan da aka sani da guba ba a cin abincinsu. Ya sayi tsohon babur ya shiga kabu-kabu, nan ma sai baƙi suke hawa. Duk sallah yana zuwa gaida Hajiya, ya tsaya a zaure, a fito a ce masa tana barci, ya ajiye goronsa ya tafi.

A shekara ta uku na kasa haƙuri. Na bi shi gonarsa a hanyar Tsauni, na same shi yana yankan gero. Na ce masa na gaji, zan faɗa, in ya so Allah ya yafe mini.

Ya ce, "Ka faɗa wa wa, Baba? Hajiya tana da rai. Kullum addu'arta ɗanta an zalunce shi, Allah zai karɓe shi. Ita ke nan abin da take kwana da shi. Ni ina iya ɗauka."

Na yi fushi da shi ranar, na ce masa taurin kai ne ba kirki ba. Ya ci gaba da yankansa. Na dawo a ƙafa ina zagin sa a zuciya, ina zagin kaina, ina zagin marigayin ma, Allah ya gafarta mini. Gaskiyar ita ce wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi da ya hana ni, don ni ma ban san yadda zan tsaya gaban mutane in buɗe bakin ba.

Haka muka ci gaba. Duk shekara in lokacin rasuwar ya zagayo, bidiyoyin sai su sake tashi, da sabbin masu bayani waɗanda ko hanyar Matameye ba su sani ba. Ni ina ɗinki, ana tsinke maɓalli ana kawo mini.

Bara bayan kaka Hajiya ta rasu. Makaɗin ya zo jana'iza. Da aka ɗauki makara ya sa hannu zai kama, wani daga dangi ya ture hannun, ba tare da ya ko dube shi ba. Ya koma baya ya bi sahu har maƙabarta. Da aka watse na same shi a gindin bishiyar bedi inda ya ajiye babur ɗinsa.

Na ce, "To, wadda kake tsare wa ta tafi. Ranar Juma'a in an sallame zan miƙe in yi magana. Ka sha wahala ta isa."

Ya goge sirdin babur da hularsa. Sannan ya ce, "Ka manta ya bar ƴa? Bana ta gama firamare ta shiga kolej, an saya mata waya. Duk abin da ake faɗa ta gani. Shekaranjiya ta tare ni a bakin tasha, ta ce, kai ne ka kashe babana?"

"Me ka ce mata?"

"Na ce ta gaida mamanta."

Na ce yarinya za ta girma, gara ta ji daga bakinmu. Ya girgiza kai.

"Ni in ta gan ni, tana iya tsallaka titi ta bar ni, Baba. In ka faɗa mata babanta ne ya zaɓi ya tafi ya bar ta tana shekara biyar, wa za ta tsallaka ta bari?"

Na dube shi da kyau a karo na farko cikin shekaru, na ga kansa ya yi fari fiye da nawa, alhali na girme shi da kusan shekara ashirin. Ya buga babur ɗin sau uku kafin ya tashi, ya ce in hau ya sauke ni a shago. Mutanen da suka dawo daga maƙabarta suna tsaye suna kallonmu. Na tattare rigata na hau bayansa, na ce ya bi ta tsakiyar kasuwa.