Bututu Biyun da Kakanmu Ya Yanke

A unguwar Al Nahda, kusa da Sharjah a ƙasar Larabawa, na girma, a hawa na bakwai na wani dogon bene, inda ba a yarda a hura wuta ba. Amma kakarmu Iya Hajjo, mahaifiyar Baba, ba ta iya ba da labari sai da garwashi a gabanta. Da an idar da magariba sai ta fito baranda da kaskon turarenta, ni da ƙanwata Zulai mu zauna a tabarma, motocin masu komawa Sharjah na ta hon a ƙasa.

Labarin da muka fi roƙa shi ne na kakanmu Malam Sule, mai walda a Kaduna. Shi da abokinsa Garba direba suka kafa 'yar rumfa suna ƙera shasin motocin tsere, wato kwarangwal ɗin ƙarfen da ake ɗora inji da tayoyi a kai. Da bututun ruwa suka fara. Motar farko ta karye tun kafin ta bar layinsu. Ta uku kuwa, har daga wasu garuruwa aka riƙa zuwa saye, ma'aikata suka kai goma.

"Sai Garba ya matsa wai motar ta yi nauyi," in ji Iya, tana juya garwashi da cokali. "Ya ce, 'Sule, cire mini bututu biyun nan na gefe.' Kakanku ya ƙi, ya ƙi, ranar nan dai ya yanke."

Garba ya shiga tsere da motar ya ci, aka ɗauke shi a kafaɗa. Nan ne nake tsalle ina ihu, sai Iya ta ce, "Zauna, ɗan nan, da saura."

A tsere na gaba motar ta kife a kwana, gefen da aka yanke wa bututun ya lotse. Garba ya rayu, amma bai sake takawa ba. Wata guda kakanmu bai buɗe rumfa ba. Ranar da ya buɗe, keken guragu mai tuƙin hannu ya ƙera, ya tura shi da kansa har ƙofar gidan Garba.

"Garba ya zagaya layi sau biyu, ya dawo ya ce, 'Wannan ma ta yi nauyi.' Suka yi ta dariya har da hawaye."

Daga nan rumfar ba ta ƙara yin motar tsere ba. Kekuna suka yi ta yi, Garba ne mai gwadawa, har tsufa ya raba su da aikin.

Yanzu a wani gareji a unguwar Al Qusais nake aiki, ina duba waldar motocin tsere kafin su fita fili. Sai da na girma na gane Iya ba ta ɓoye mana kuskuren mijinta ba ko sau ɗaya, kuma ba ta taɓa jin kunyarsa ba. Allah ya jiƙanta. Ban samu na tambaye ta ko Garba ya taɓa cewa ya yafe ba. Ina jin kakanmu ma bai tambaya ba.